Likitan Turu da Askar Barmo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don jikokin waɗanda suka yi abin kunya a labarin nan suna nan da ransu, wasu ma har da rawani. Zamanin ya ɗan ja baya, lokacin da mota ɗaya ke shiga garin a mako, asibiti kuma bai wuce ɗaki huɗu da rumfa ba. Sunan mutumin Ɗalhatu. Ku na baya ku matso, ku saurara da kyau. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na kai ƙarshe zan gaya muku abin da ya ɓata shi.

Shi Ɗalhatu ɗan maƙeri ne. Ubansa yana ƙera fartanya, yana ƙera lauje, yana ƙera gatari, amma akwai aiki guda da duk garin shi kaɗai ake kai wa, shi ne mari, ƙarfen nan da ake sa wa mutum a ƙafa. A garin nan in mutum ya sami taɓin hankali, ba mai tambayarsa me ke damunsa. Ƙarti shida za a tara, a kayar da shi, a ɗaure shi da igiyar guga, a jawo shi maƙera. A zura masa ƙarfen, a buga ƙusa, a daddale kanta, ba kwado, ba mabuɗi. Daga nan sai gidan turu, wani kango a bayan gidan yari, inda ake haɗa marin da turu, wato gungumen itace. Shi ke nan, dangi su koma gida su ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Ɗalhatu ya tashi yana zuga wa ubansa wuta, yana ganin wannan. Wata rana aka ja wani mutum aka tafi da shi yana ta kiran sunan uwarsa. Da ƙurar ta lafa sai Ɗalhatu ya ce, "Baba, kullum ina ganin kana sa wa mutane mari, ban taɓa ganin an cire ba. Wa ke cirewa?"

Uban ya ce, "Ni ke cirewa."

"Yaushe?"

"In za a yi musu wanka. Ba a sa mutum a likkafani da ƙarfe."

"Mai rai fa, Baba?"

Uban ya ajiye masaba, ya dube shi, ya ce, "Ban taɓa cire wa mai rai ba. Zuga wutarka."

Maganar nan ta tsaya masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Aka sa shi makarantar boko, ba don ana sonsa da ita ba. Hakimi ne ya ce kowace unguwa ta ba da yaro, masu hali suka ɓoye nasu, aka miƙa ɗan maƙeri. Allah kuwa ya ba shi kai. Daga wannan makaranta zuwa waccan har ya zama likita, har aka tura shi ƙetaren teku ya ƙaro ilimi. Can aka ce kowa ya zaɓi fanninsa. Wannan ya zaɓi tiyata, wancan ya zaɓi ido. Ɗalhatu ya ce shi ciwon hankali zai karanta, a lokacin kuwa duk lardinsu ba wanda ya taɓa karanta wannan, ba ma wanda ya san ana karanta shi.

Ya dawo, ubansa ya riga ya rasu. Dangi suka tarye shi da murna, sun samu likita a gida. Da suka ji aikin da ya nema shi ne a ba shi gidan turu, sai murna ta koma ciki. Wani kawunsa ya ce, "Shekara nawa ana karatu, ashe gadin mahaukata aka je koyo? Ai da ka zauna a maƙera." 'Yan gari suka laƙaba masa suna Likitan Turu, don ba'a. In an kira shi da shi sai ya ce na'am.

Ranar da ya shiga kangon nan ya tarar da mutum goma sha ɗaya. Ba na son in siffanta muku, amma dole ku ji. Wani ƙafarsa ta kumbura har ta haɗiye ƙarfen. Wani ya shekara biyar ruwa bai taɓa bayansa ba sai na sama. Abinci kuwa a sakaina ake zuba musu, a tura da sanda daga nesa. A sakaina, jama'a! 'Ya'yan Musulmi, waɗanda aka yanka wa rago ranar suna, aka yi musu huɗuba a kunne! Kuma masu yin haka suna salla, suna azumi, suna kwana lafiya.

Bawan Allahn nan bai fara da allura ba. Tabarma ya shimfiɗa, ya zauna daidai inda hannun mutum zai iya kai masa, ya yi sallama, ya tambayi sunansa. Wasu sai da suka yi tunani kafin su tuna, don an daɗe ba a kira su da shi ba. Ya sa aka share wurin, aka yi musu wanka, aka kawo kwano. Ya fara ba su ƙwayar maganin da ya zo da ita. Ya aika wa dangin kowa a turo mutum ɗaya ya zauna da nasa. Wasu suka turo, wasu suka ce ba su san wanda ake magana ba. In ya ga mutum ya natsu, sai ya ɗauko magagarin ubansa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya yi ta goga ƙusar da hannunsa har ta faɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka suka warke ba. An mare shi, an yaga masa riga, wani ya cije shi a dantse. Washegari sai ya dawo da tabarmarsa.

A cikin mutanen nan akwai wani wai shi Barmo, wanzami ne gaba da baya. Kafin ciwo, laushin hannunsa ya sa tsofaffi na yin gyangyaɗi yana musu aski. Sai barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyi, wata rana ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa yana ihu. Ku riƙe wannan: bai taɓa kai wa kowa aska ba, ko sau ɗaya. Aka kama shi, aka sa masa mari, aka raba aurensa. Sarkin Aska, wato shugaban wanzaman garin, wani dattijo mai suna Jatau, ya karɓe zabirarsa, jakar nan ta fata da wanzami ke zuba asake da ƙaho, ya rataye a ɗakinsa. Shekara bakwai Barmo ya yi a turu. Wata takwas ya yi a hannun Likita, ya dawo hayyacinsa garau, aka sallame shi.

To, a nan gari ya nuna halinsa. In Barmo ya shiga sahu a masallaci, sai a bar masa fili dama da hagu, mutanen da liman ke roƙo kullum su haɗa kafaɗa. A gidan ƙanensa kwanonsa daban, moɗarsa daban. In ya yi dariya a ce abin ya motsa. In ya yi shiru a ce abin na tafe. Kowa ka taɓa sai ya karanto maka karin maganar nan, wai mahaukaci ba ya warkewa, sai dai rangwame. Barmo ya je wurin Sarkin Aska neman zabirarsa har sau uku, ko zaure ba a bari ya shiga ba.

Ran nan da hantsi Likita ya fito, ya tarar da Barmo zaune a kan tsohon turunsa, wanda aka jefar a gindin katanga. Ya ce, "Barmo, lafiya?"

Barmo ya ce, "Likita, mayar mini da marina."

"Subhanallahi! Me ya yi zafi?"

"A nan na san matsayina. A waje kuwa ban zama mai lafiya ba, ban zama marar lafiya ba. Ƙanena ke ciyar da ni, ana turo mini tuwo kamar ana biyan bakance. Ni wanzami ne, Likita, ban iya komai ba sai aska. In ba za a ba ni askata ba, don me ka cire ni?"

Likita ya dubi turun da Barmo ke zaune a kai. Ya gane marin da ya goge da magagari shi ne ƙarami, babban yana bakin mutanen gari, kuma in bai yi wani abu ba mutumin nan zai lalace a hannunsa yana da cikakken hankali. Ya sa hularsa ya nufi gidan Sarkin Aska.

Shi Jatau wanzamin gidansu Ɗalhatu ne. Shi ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Likita ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba Sarki, alfarma na zo nema. Zabirar Barmo."

Dattijon ya ce, "Ɗalhatu, aska ba fartanya ba ce. A maƙogwaron mutane ake ɗora ta. In ya yanka wani, ni za a tambaya."

Wannan magana ce, jama'a, ban ƙi ta ba. Tsoro ba laifi ba ne. Amma ku ji abin da ya biyo baya.

Dattijon ya ce, "Ga Alƙur'ani can. Yi alwala ka dafa, ka rantse mini ciwon nan ba zai sake dawo masa ba har abada. Kana rantsewa ina ɗauko maka zabira."

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da biyan bukata. Daga shi sai tsoho a zaure. Kuma don taimakon bawan Allah ne, ba don cikinsa ba. Mu nawa ne a nan za mu ce ai ƙaryar alheri ce, mu dafa? Mu da ke rantsuwa a kan farashin tumatir!

Likita ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba Sarki, ba zan rantse ba. Yana iya dawowa."

"Ka ji ko! Da bakinka."

"Abin da na sani shi zan faɗa. Yau lafiyarsa ƙalau. In yana shan magani yana zuwa ina duba shi, ina kyautata zaton zai daɗe haka. In ma zai dawo, ba ya faɗowa kamar tsawa, barci ne ke fara gudu, kuma na koya masa ya gane. Amma har abada? Baba, ko hankalina na gobe ba zan rantse a kansa ba, balle na wani."

Tsoho ya ce, "To, ka ƙi rantsuwa. Me za ka ba ni in riƙe?"

Likita ya ce, "Wuyana. Ranar kasuwa, a gindin ceɗiyar wanzamai, a ba shi aron zabirarsa ya yi mini aski da gyaran fuska, kowa na kallo."

Sarkin Aska ya ce, "Ashe gaskiya ne, mai zama da su sai ya ɗebo. Na yarda."

Akwai abin da tsohon bai sani ba, Likita kuwa ya sani. Maganin da ya natsar da Barmo yana sa rawar hannu. Da Likita ya kai masa labari, Barmo bai yi murna ba, miƙo hannunsa ya yi ya ce, "Dubi." Yatsun suna kaɗawa. Wato abin tsoron ba haukar da gari ke jira ba ne, ƙwayar da shi Likita ke bayarwa da hannunsa ce. Likita ya roƙi a ɗaga mako uku. Ya riƙa rage maganin kaɗan-kaɗan yana lura da shi, Barmo kuma yana wuni yana kankare bayan duma da wuƙa don hannu ya tuna aikinsa. Rawar ta ragu ƙwarai, amma ba ta tafi duka ba.

Ranar kasuwa ta zo. Masu hatsi suka bar buhunansu, mahauta suka bar rumfa, har kan katanga mutane. Wasu da sanduna a cikin riga. Kada ku ɗauka addu'a suka zo yi wa bayin Allahn nan. Jini suka zo gani, don su koma gida su ce ai mun faɗa.

Likita ya cire hula, ya zauna a tabarma. Aka miƙa wa Barmo zabirarsa, fatar duk ta bushe. Ya zaro aska, ya wasa a dutse, ya goga a tafin hannu, ya jiƙa kan Likita da ruwa da sabulu. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Likita, kana jin tsoro?"

"Ina ji. Kai fa?"

"Kamar in ruga."

"To, mu biyu ne. Yi bisimilla."

Aska ta fara tafiya. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar aska a kan gashi. An ci rabin kai lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Abin bai yi wa wani shaƙiyyi daɗi ba, sai ya kwatsa ihu daga baya, "Ga shi nan zai yanka!" Hannun Barmo ya zabura, aska ta tsaga bayan kunnen Likita, jini ya gangaro kan farar riga.

Wuri ya kaure. "Ya yanka shi! Ya yanka shi!" Sanduna suka fito, mutane suka yo ca. Barmo ya sandare, aska a hannu, ya rufe ido yana jiran igiya.

Likita bai tashi ba. Daga zaunen ya ɗaga hannu, ya daka tsawa da muryar maƙera, irin wadda ke wuce ƙarar masaba, "Kowa ya tsaya inda yake!" Suka tsaya. Ya ce, "Duk wanda wanzami mai hankali bai taɓa yanka ba, ya cire hularsa ya nuna mana kansa, sa'an nan ya matso da sandarsa." Ba wanda ya motsa. Ya juya ƙeyarsa wajen Sarkin Aska, ya ɗora yatsa a kan wani tsohon tabo, ya ce, "Baba Sarki, wannan wa ya yi mini?"

Tsoho ya ce, "Ni ne. Motsi ka yi."

"To, yau ma ba haukar kowa ba ce. Ihu aka yi."

Wani dattijo mai sayar da igiya ya ture hularsa, ya shafa kai, ya ce, "Ni nawa uku ne, kuma duk a zaune nake ƙyam." Aka yi 'yar dariya ta kunya, sanduna suka koma cikin riga. Likita ya danne ciwon da gefen rigarsa, ya ɗaga haɓa sama, ya buɗe maƙogwaronsa, ya ce, "Barmo, ƙarasa aikinka. Ba zan shiga gari da rabin kai ba." Barmo ya share hawaye da dantse, ya ƙarasa kan, ya gyara saje, ya bi ƙarƙashin haɓa da aska har ya gama. Sarkin Aska ya tashi ya tafi, bai ce a mayar masa da zabira ba.

Kuna tsammani an gama ke nan? Ba ku san mutane ba. Yabo dai an yi, "Kai, Likita namiji ne! Kai, Barmo ya warke!" Amma da gashi ya toho, kowa sai ya ɗauki kansa ya kai wa wani. Barmo ya shimfiɗa tabarma a gindin ceɗiya tun hantsi har la'asar, a wuce shi a ce sannu da aiki, alhali ana ganin ba aikin. Wallahi wannan ya fi sandunan nan ƙona mini rai. Mai sanda ko ba komai ya fito fili. Wannan kuwa ya gani da idonsa, ya yarda da bakinsa, ya hana da kansa.

Likita bai yi wa kowa gori ba, bai hau mumbari kamar ni ba. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya cire hula ya zauna, ko gashin bai kai a kama ba. Har 'yan gari suka riƙa cewa wanda ba shi da madubi ya duba fuskarsa a kan Likitan Turu. Wata goma sha huɗu yana haka. In ka cire shi da waɗanda ya sallama daga gidan turu, ba wanda ya zauna a tabarmar nan.

Sai Allah ya sauki Saude, matar Likita, lafiya, ta haifi 'ya mace, bayan shekara shida ana jira. Likita ya same ta a ɗaki ya ce, "Saude, me za ki ce in Barmo ya yi mata askin suna?"

Ta rungume jaririyar ta ce, "Malam, kanka naka ne, kai shi inda ka so. Wannan kan wata tara na ɗauke shi."

Ya ce, "Gaskiyarki. Baba Sarki zai yi. Ba zan sake tayar da maganar ba." Kuma bai sake ba. Bai ɗaure fuska ba, bai ƙi cin tuwo ba. Ku ji wannan, ku masu gida, ku da in kuna son nuna wa duniya kirkinku sai iyali su biya.

Ana gobe suna ita da kanta ta kira shi. Ta ce, "Duk ranar kasuwa in ka dawo ka cire hula, ina duba kanka. Ka ɗauka ba na gani? Tun na bayan kunnen nan ban sake ganin ko ƙwarzane ba. Baba Sarki kuwa ido ya yi rauni, na ga kan jaririn maƙwabta. A kira Barmo. Amma ni zan riƙe ta, ba ungozoma ba. Kuma a kai wa tsoho kasonsa na nama cikakke, a ba shi haƙuri, kada a tozarta shi."

Haka aka yi. Da safe, tsakar gida cike da mata, Saude ta zauna da 'yarta a cinya, Barmo ya durƙusa ya yi bisimilla. Ya bi kan nan mai laushi, ya zagaye maɗiga, har ya gama jaririyar ba ta ko farka ba. Abin da maza ɗari suka gani a kasuwa suka noƙe, mata goma suka gani a tsakar gida suka kai ko'ina. Kafin wata ya mutu an kira Barmo suna biyu. Da iyaye mata suka ba da kan jarirai, sai kunya ta kama maza, suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa wai wanzaminsa ne ya yi tafiya.

Saura kaɗan, ku ƙara haƙuri. Bayan shekara huɗu, wata safiya da damina, Likita na duba marasa lafiya sai ga Barmo da zabira a kafaɗa. Ya sauke ta, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Likita, kwana huɗu ban runtsa ba. Na fara jiyo abin nan daga nesa. Riƙe mini wannan har in dawo."

Ciwon ya dawo, kamar yadda Likita ya ce yana iya dawowa. Amma ku dubi yadda ya zo. Mutumin da a da sai ƙarti shida da igiyar guga, yau ya tako da ƙafarsa, ya miƙa askarsa da hannunsa, don ya san gado ke jiransa, ba turu ba. Labari ya kai wa Sarkin Aska, aka ce ai ga abin da ka guda. Tsoho ya ce, "Ku rufe mini baki. Yaron nan ya gaya mini tun ranar farko. Da ya rantse mini, da yau na sa an ƙone zabirar." Barmo ya yi wata biyu yana jinya, ya warware, ya karɓi kayansa. Da ya isa gindin ceɗiya ya tarar da dattawa uku, har da mai igiyar nan, gashi ya cika musu hula, sun ƙi kai wa kowa, suna jiransa.

To, yanzu bari in gaya muku abin da ya ɓata mini rai. Ɗazu ina zuwa, a ƙofar masallacin nan, na ga wani bawan Allah marar lafiya yara suna jifansa da ɓawon rake, manya na zaune a benci suna dariya. Na san fuskokinku, kuna cikin nan. Na san kuma a unguwar nan akwai gidan da aka kulle mutum a ɗakin baya da sarƙa, ana cewa baƙi ya yi tafiya. Na san akwai wanda ya je asibiti ya sha magani ya warke ya dawo, har yau ba wanda ya ba shi ko ɗinkin hula, ba wanda ya kira shi ɗaurin aure.

Kuna cewa mahaukaci ba ya warkewa. Wa ya gaya muku? Shari'a ta ɗauke masa alƙalami ne har hankalinsa ya dawo, in ya dawo ta mayar masa da sallarsa, da shaidarsa, da dukiyarsa. Allah ya ce a karɓe shi, ku kun ce sai dai rangwame. Ku su wane ne? Wanene a cikinku ya karɓo takardar cewa zai mutu da hankalinsa?

Darasin a fili yake. Ciwon hankali ciwo ne, ku kai marar lafiyarku wurin masu magani, ku yi masa addu'a, addu'a da magani ba sa faɗa. Kada ku yi ƙarya don gyara, ko da ƙaryar za ta buɗe ƙofa yau, don gaskiyar da Ɗalhatu ya faɗa a zaure ita ta ceci Barmo bayan shekaru. In kuma ka ce ka yarda da mutum, kada ka tsaya a baki, ka miƙa masa abin da kake tsoron rasawa. Ba na ce kowa ya kai wuyansa ga aska ba. Ku ba a nemi wuyanku ba, kafaɗa kawai aka nema.

Ga ladan ya miƙe, za a ta da salla. In mun tsaya, kowa ya dubi damansa da hagunsa. In ka ga wanda aka bar wa fili a sahu, matsa, har sai kafaɗarka ta taɓa tasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da hankalinmu, ya yafe mana abin da muka yi wa waɗanda ya jarraba.